Tuƙi Ba Lasin: Arahar Da Ke Kai Mutum Gaban Alƙali

Duk wanda ya saba bin hanyar mota daga Arewa zuwa Kurmi ya san Jere. Gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko ta Jihar Kaduna, a bakin babban titin da ya taso daga Kaduna ya nufi Abuja. A nan ne hanya ta rabu, ɗaya ta yi gabas ta bi ta Kagarko da Kwoi har Kafanchan, ɗaya kuma ta ratsa ta Bwari ta faɗa Abuja ta baya. Gaba kaɗan ga Tafa, inda manyan motoci ke yada zango kafin su kama hanyar Lakwaja. Shanu da albasa da tumatir da ake saukewa a Ikko da Badun da Anacha da yawansu ta nan suke wucewa, haka kuma cittar ƙasar Kwoi da Kachiya da Kafanchan.

To, wanda ya zauna a tashar Jere ya saurari hirar direbobi da 'yan kamasho zai ji wata magana da ake yawan maimaitawa, watau wai hannu ke tuƙi ba takarda ba. Da wannan magana ce samari da dama ke fita da motar haya ba lasin, dattijai kuma ke yawo da lasin da wa'adinsa ya ƙare tun shekaru uku ko huɗu, masu babur da a-daidaita-sahu kuwa galibinsu ba su ma taɓa neman sa ba. Ga lissafinsu, abin da zai sami mutum bai wuce a tsayar da shi a shinge ya ba da na goro ya wuce. Wannan lissafi ya tsaya a bakin shinge, alhali kuwa ainihin aikin lasin yana can gaba, ranar da tsautsayi ya auku aka kai magana ofishin 'yan sanda, daga can kuma gaban majistare. Tun da yake yawancin masu bin wannan hanya abincinsu yana Kudu ne, ya kamata 'yan Arewa mazauna Kurmi su san abin da doka ta tanada, domin su ne abin ya fi ci idan ya faru.

ABIN DA DOKA TA CE

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda jama'a ke kira Rod Sefti, an kafa ta a watan Fabrairu na 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A 2007 Majalisar Tarayya ta yi mata sabuwar doka, a 2012 kuma aka fito da ƙa'idodin bin hanya na ƙasa baki ɗaya. A cikin jerin laifuffukan da dokar 2007 ta zayyana, tuƙi ba tare da ingantaccen lasin ba tararsa naira 10,000 ce. Yawo da takardun jabu naira 20,000 ne. Tuƙin ganganci naira 50,000. Har ƙoƙarin ba ma'aikacin hukumar cin hanci laifi ne mai zaman kansa, shi ma da tasa tarar ta naira 10,000. Ma'aikatan sukan tsare mota har sai an biya, wanda kuma ya ƙi amincewa da laifinsa sai a gurfanar da shi a kotu, sau da yawa ma kotun tafi-da-gidanka ce da ake kafawa a gefen titi da majistare a zaune.

Kalmar "ingantacce" ita ce mutane ba su lura da ita. Lasin da wa'adinsa ya cika, a wurin doka shi da babu duk ɗaya ne. Lasin da aka samo ta bayan fage, wanda sunan mai shi ba ya cikin kundin hukuma, ya fi babu muni, domin ya ƙara wa mutum laifi na biyu. Sa'an nan lasin aji-aji ne. Ajin A na babur ne, ajin B na ƙaramar mota ta gida, tirela kuwa sai ajin G. Wanda ya ɗauko tirelar shanu da lasin ƙaramar mota, ko da katinsa sabo ne fil, tuƙi ba lasin ya yi. Doka kuma ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 18 lasin ba, saboda haka yaran nan da ake gani a Kagarko da Kwoi suna jigilar fasinja a babur ƙafarsu da ƙyar take taɓa ƙasa, babu wata takarda da za ta fid da su.

Akwai kuma wani ruɗani da ya shigo a 'yan shekarun nan. A watan Oktoba na 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa ma'aikatan V.I.O. na Abuja ba su da ikon tsayar da mota a hanya, ko kama ta, ko cin tarar direba. Labarin ya bazu a tashoshi, kafin ya iso Jere da Kafanchan ya riga ya zama wai kotu ta soke lasin. Ba haka ba ne. Hukuncin ya taɓa ikon ma'aikata guda ne, bai taɓa wajibcin riƙe lasin ba, bai kuma ɗaure hannun 'yan sanda ko na Rod Sefti ba. A Jihar Kaduna ga kuma 'yan Kasteliya, a Ikko ga 'yan Lasma, kowa da dokar jiharsa a hannu. Jihar Legas ta yi dokar hanya a 2012 ta sake ta a 2018, kuma ban da lasin na ƙasa tana neman direban haya ya riƙe katin cibiyarta ta horar da direbobi.

RANAR TSAUTSAYI

Da a ce tara ce kaɗai, da sai a ce direbobi sun yi gaskiya, domin naira 10,000 a yau ba ta cika rubu'in tankin mota. Amma a duba yadda dogon tuƙi yake gudana a wannan hanya. Tirela ta taso daga Kano ko Katsina da yamma, direba ya yi ta fama har Tafa, barci ya kama shi, sai ya miƙa wa yaron mota sitiyari ya koma baya ya kwanta. Wannan al'ada ce tsohuwa, kuma da ita kusan kowane direban babbar mota ya koyi sana'a. Yaron yana iya kasancewa gwani. To, amma a ce tsakanin Abaji da Lakwaja taya ta fashe, ko wani ya faɗo masa daga kwana, aka rasa rai. Abu na farko da ɗan sanda mai bincike zai tambaya shi ne wa ke tuƙi, na biyu kuma ina lasinsa.

Dokar 2007, da kuma dokar manyan hanyoyin Tarayya ta 1971, sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda ya jawo mutuwar wani ta hanyar tuƙin ganganci. Gaskiya ne rashin lasin shi kaɗai bai isa ya tabbatar da cewa direba ne ya jawo haɗari ba, wannan sai an kawo shaida. Amma mai gabatar da ƙara zai jera shi a cikin tuhuma, kuma mutumin da ke son ya shawo kan alƙali cewa ya yi iyakar abin da ƙwararren direba zai yi, da wane baki zai faɗi haka bayan hukuma ba ta taɓa jarraba shi ta ce direba ne ba? Wanda ke da lasin ya shiga kotu da tuhuma ɗaya yana kāre kansa. Wanda ba shi da shi ya shiga da laifi ɗaya da ya riga ya tabbata tun kafin a buɗe baki.

Daga nan sai maganar inshora. Tun daga 1 ga Janairu 2023 kuɗin ƙaramar inshorar motar gida, wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani, ya koma naira 15,000 a shekara, kuma tana iya biyan ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka shiga matsa wa masu motoci su nuna ta. Mutane da yawa sun saya don gudun kamu. Abin da ba su karanta ba shi ne sharaɗin da kamfanonin inshora ke sa wa a takardar, cewa wanda zai tuƙa motar ya zama mai lasin. Idan aka tarar wanda ke kan sitiyari bai taɓa mallakar lasin ba, an ba kamfani ƙofar da zai fita ya ƙi biya. Gyaran motar da aka buge, kuɗin asibitin wanda aka raunata, diyyar wanda ya rasu, duk sai su dawo wuyan direba da mai mota.

Mai mota kuma kada ya ce ba ruwansa don yana zaune a shagonsa a Agege ko Sabon Shagamu lokacin da abin ya faru. Dokar hanya ta hana mutum ya ɗauki wanda ba shi da lasin aikin tuƙi, kuma a shari'ar neman diyya ubangida yana ɗaukar nauyin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. Wannan ya shafi ɗimbin 'yan Arewa da suka tara ɗan abin da suka tara a Kurmi, daga gadi ko canji ko sayar da nama, suka sayi bas ko a-daidaita-sahu suka aika gida don ƙane ko ɗan 'yar'uwa ya riƙa jigila tsakanin Jere da Kafanchan yana kawo balas. Zumunci ne mai kyau, amma idan ba a tambayi yaron lasin ba kafin a ba shi makulli, gumin shekara goma na iya ƙarewa a harabar ofishin 'yan sanda, ana ruwa ana rana a kansa har tayoyi su ruɓe.

Haɗarin kuma ba abin nesa ba ne. Hukumar ta ce mutum 5,081 suka mutu a haɗarin mota a ƙasar nan a 2023, a 2024 kuma 5,421. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma.

BAƘO A ƘASAR WANI

Abin da ya sa wannan magana ta fi nauyi ga ɗan Arewa da ke Kudu shi ne baƙunci. Direban da ya yi haɗari a Jere yana da inda zai jingina. Akwai shugaban tasha, akwai mai unguwa, akwai dattijan da za su je gidan waɗanda aka yi wa ɓarna su yi jaje a nemi sulhu. Wanda abin ya same shi a Ore ko Asaba ko kan hanyar Fatakwal, ba ya jin yaren masu tuhumarsa, su ma ba su jin nasa. Idan aka ba da shi beli sai an sami wanda zai tsaya masa mai adireshi a garin, kuma kafin Sarkin Hausawan wurin ya sami labari, wataƙila ya yi mako biyu a tsare. A irin wannan hali takarda ingantacciya ce ke magana a madadinsa, domin tana ɗauke da sunansa da hotonsa da lambar da za a duba a kwamfuta a ga cewa hukuma ta san shi.

Sa'an nan laifin mutum ɗaya a baƙon wuri ba ya tsayawa a kansa. Mazauna Ikko ba su manta da rigimar Mayil 12 ta watan Maris 2016 ba, wadda rahotanni suka ce ta faro ne daga wani mai babur da ya buge wata mata, aka yi asarar rayuka, aka rufe kasuwa, mai sayar da tumatir da bai san hawa ba bai san sauka ba ya kwashi asara. Duk lokacin da aka kama wani ɗan Arewa ba lasin ba lambar babur, ana ƙara wa masu cewa baƙi ba su bin doka hujja ne, kuma da irin wannan hujja ake kafa dokokin da ke hana dubbai neman abinci.

UZURIN DIREBOBI

Ba daidai ba ne a ce direbobi ba su da abin faɗi. Uzurinsu na farko shi ne tsada. Daga 8 ga Yuni 2025 kuɗin lasin mota ya koma naira 15,000 na shekara uku, naira 21,000 na shekara biyar. Na babur da a-daidaita-sahu kuma naira 7,000 da naira 11,000. A raba naira 21,000 gida biyar, a sake rabawa da kwanakin shekara, ba ta kai naira 12 a rana ba. Na babur kuwa kusan naira 6 ne a rana. Kamu biyu kacal a hannun Rod Sefti ya fi kuɗin lasin shekara uku. Wanda ya lissafa abin da yake miƙawa a shinge tsakanin Jere da Ikko a tafiya ɗaya, ya san ba a nan tsadar take ba. Inda maganarsu ke da ƙarfi shi ne ga mai neman lasin karo na farko, domin sai ya kawo shaidar makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, kuɗin makarantar kuwa yakan fi na lasin kansa.

Uzuri na biyu shi ne wai ko da lasin ko babu sai an karɓi na goro. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma abin kunya ne ga masu kaki. Amma mai cikakkun takardu yana iya tsayawa ya ce ba zai ba da ba, a kai shi gaban babba. Wanda ba shi da su ba shi da ta cewa, nawa aka yanka masa sai ya biya, domin ya san idan aka je ofis abin zai fi haka.

Uzuri na uku shi ne wahalar hanyar samun lasin, kuma wannan shi ne mafi gaskiya. Ma'aikatu uku ke da hannu a ciki. Hukumar tara haraji ta jiha ke karɓar kuɗi, ma'aikatan V.I.O. ke jarraba mutum, Rod Sefti ke ɗaukar hoto da zanen yatsu ta buga kati. Ana cike takarda ta intanet da Turanci, ana kuma neman lambar katin ɗan ƙasa. Direban da karatunsa na allo ne, yana jin an lissafa masa waɗannan matakai sai gabansa ya faɗi. Shekara da shekaru kuma ana ba mutane takardar wucin gadi ta kwana 60, ta ƙare katin bai fito ba, a yi ta kai da kawo wata da watanni. A 2025 hukumar ta yi shelar cewa ta gyara injunanta na buga kati don kawar da wannan jinkiri, jama'a kuwa za su auna alkawarin da abin da suka gani a ƙasa.

A cikin wannan wahala ce 'yan cuwa-cuwa suke samun abinci. Mutum zai tare direba a tasha ya ce kawo hotonka da kuɗi, nan da kwana uku ka zo ka karɓa, ba sai ka je ko'ina ba. Katin da zai kawo yana sheƙi, da tambari da komai. Alamar gane shi ɗaya ce, kuma ba ta bukatar ilmin boko. Duk lasin farko da aka kawo wa mutum ba tare da ya je da ƙafarsa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa a ofishin hukuma ba, jabu ne. Wanda ke shakkar nasa ya sa wani yaro mai wayar zamani ya duba masa lambar a shafin hukumar, gara ya gane yau da ya gane a gaban majistare.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Gwamnatin Jihar Kaduna da Hukumar Kiyaye Haɗurra suna da nasu rabon aikin. Idan ana iya ɗauko majistare da teburinsa a kafa kotu a bakin titi don cin tara, lalle ana iya ɗauko na'urar ɗaukar hoto da ma'aikacin haraji da mai jarrabawa a kai su tashar Jere da Tafa da Kagarko da Kwoi ranar kasuwa, a yi wa direbobi komai a wuni ɗaya. A yi jarrabawar baki da Hausa ga wanda bai iya Turanci ba, tun da alamomin hanya ake son ya sani. A kuma samo hanyar da direban da ya shekara ashirin a kan titi zai yi gajeren horo a jarraba shi, maimakon a zaunar da shi aji ɗaya da wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba. Lokacin da ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama a ranar 2 ga Afrilu 1972, gwamnati ta bi tashoshi da rediyo da harsunan jama'a har kowane direba ya gane. Abin da aka iya a wancan lokaci bai kamata ya gagara yanzu ba.

Ƙungiyar direbobi ma tana da iko fiye da na kowane ɗan sanda, domin ba motar da ke lodi a tasha sai da izninta. Shugabannin tashar Jere da na Kafanchan suna iya cewa daga wata kaza ba wanda zai shiga layi sai ya nuna lasin mai rai. Suna iya yin adashi don yaran mota, duk wanda ya kai munzalin tuƙi a biya masa makaranta da lasin ya riƙa biya a hankali. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Anacha su ma su sa wannan magana a cikin abin da suke faɗa wa sababbin zuwa, kamar yadda suke faɗa musu inda masallaci yake da inda ba a bi da dare.

Saura kuma mai mota da direba. Wanda zai je gida hutun Salla ko Kirsimeti ya ciro katinsa ya duba ranar da wa'adinsa zai cika tun kafin ya kama hanya. Wanda ya ba wani mota a gida ya sa a aiko masa da hoton lasin yaron ya gani da idonsa, ya kuma tabbatar ajin lasin ya dace da irin motar. Direban tirela da ke son yaronsa ya gāje shi, babbar kyautar da zai yi masa ita ce ya kai shi ya sami nasa lasin kafin ya sake miƙa masa sitiyari a Tafa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.